Turmi Na Bakwai

Litinin, da yamma

Sun liƙa hotonsa a katangar makarantarmu, daidai inda masu sayar da alawa suke zama. Ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya haɗe rai, an rubuta GUDUMA da manyan baƙaƙe a ƙasa. Wani yaro ɗan ajina ya tambaye ni wai da gaske ne mijina bai taɓa barin mutum ya kai turmi na biyar ba. Na ce ya wuce aji ya ɗauko littafinsa.

Asabar ta sama ne wasan, na kambun ajin masu nauyi. Rediyo ba ta da wata magana, direban bas ba shi da wata magana. Har shugabar makarantarmu, wadda ba ta san bambancin dambe da kokawa ba, ta ce in samo mata tikiti.

Daga makaranta na wuce asibiti wajen Auta. Ya sha rabin kofin shayi. Umma ta ce da safe ya motsa yatsun ƙafa, ni ban gani ba. Ƙanena da ƙofar ɗakinmu take yi wa kaɗan, yau sai an goge masa baki.

Laraba, bayan an tashi daga makaranta

Matar da take jinyar mijinta a gadon kusa ta tambayi Umma me ya sami yaron nan. Umma ta kalli bango ta ce hatsarin babur. Haka aka ce mu riƙa faɗa.

Auta bai hau babur ba ranar nan. A wajen atisaye yake, inda ya yi shekaru yana tsaya wa mijina, Baban yara, a gaba yana karɓar naushi don a shirya shi. Koci ya ce bugu ɗaya ne, na dama, a gefen kai. Ya ce Auta ma ya tashi, ya yi dariya, ya cire safarsa, sai a bakin famfo ya faɗi. Likita ya ce jini ne ya taru a ƙwaƙwalwa. Ɓangaren damansa ba ya aiki, magana kuma ɗaya-ɗaya take fita.

Ba sai na rubuta hannun wa ba.

Alhamis, da safe

Baban yara ya kira daga sansaninsu na atisaye. Ya tambayi yara, ya tambaya ko mai gyaran famfo ya zo, ya tambaya ko na canza ƙwan fitilar ƙofar gida. Na amsa duka. Na san abin da yake son tambaya, na ƙi taimaka masa. Daga baya ya ce, "To, Malama, sai anjima."

Tun da aka kwantar da Auta bai taka asibitin ba. Gaskiya ne Umma ta ce kada ta gan shi. Amma Umma ta sha cewa kada ta ga mutum, mutum ya zo ya durƙusa.

Asabar, da rana

Mai Tabarau ya zo asibiti. Shi ne mai shirya wasan. Ya kawo katan ɗin lemo da madara, yaransa suka jere su a gefen gado yadda kowa zai gani. Ya dafa kafaɗar Auta, ta ɓangaren da ba ya ji, ya ce jarumi ne, zai tashi. Da zai fita ya ja ni baranda ya tuna mini cewa maganar babur ta tsaya a babur har a gama wasa. Wai idan hukumar dambe ta ji za su rufe wajen Koci, su ɗage wasan, kowa ya yi asara.

Na tambaye shi wane ne kowa. Ya gyara tabaraunsa ya ce ni mai ilimi ce, zan gane.

Auta ba ya iya shan lemon. Yana shaƙe shi.

Litinin, da hantsi

Ban yi barci ba. Na koyar da darasi ɗaya sau biyu, yaran ba su gaya mini ba sai da na gama.

Juma'a, da yamma

An nuna awon nauyinsu a talabijin ɗin ɗakin marasa lafiya. Mai kambun dogo ne, ya fi Baban yara tsawon hannu, sai surutu yake yana nuna wuya da yatsa. Aka haɗa su fuska da fuska, ya ɗora goshinsa a na Baban yara yana turawa. Da can wannan ne lokacin da Baban yara yake yin murmushin nan da ke sa mutane ihu. Yau ƙasa ya kalla. Mai sharhi ya ce natsuwar gwani ce.

Ya rame. Ni na san wuyansa.

Auta ya nuna talabijin da hannun hagu ya ce, "Gobe." Umma ta ce babu wani gobe, kashewa za a yi. Ya sake cewa gobe. Ya yi ta faɗa har ta tashi ta fita.

Lahadi, da safe

Bari in rubuta tun ban fara jin na mutane ba.

A asibiti na kalla. Nas ta bari aka ƙara murya, masu jinya daga wasu ɗakuna suka shigo suka tsaya jikin bango. Ba wanda ya san ni matarsa ce. Na ɗaga wa Auta filo. Umma ta juya wa talabijin baya, amma ba ta fita ba.

Turmin farko na ce yana auna mutumin ne. Na biyu ma haka. Yana miƙa hagu, yana miƙa hagu, yana ja da baya. Hannun daman yana manne da haɓarsa kamar an ɗinke shi a wajen. Dogon da farko tsoro yake ji, kowa ya gani, yana taɓawa yana gudu. Zuwa turmi na huɗu ya gane babu abin da zai zo, sai ya daina gudu.

Ana hango Koci a kusurwa yana dukan dandamali da tafin hannu.

A turmi na bakwai hagun ta sami Dogon a haɓa. Ƙafarsa ta lanƙwashe, hannuwansa suka sauka, ya jingina da igiya. Duk ɗakin suka miƙe, har wani dattijo mai ƙarin ruwa a hannu. Ni ma da ban san komai a dambe ba na san abin da ya rage. Baban yara ya matsa, kafaɗarsa ta juya, na ga hannun ya bar haɓa. Sai ya tsaya. Ya tsaya yana kallon mutumin har ya dawo hayyacinsa ya rungume shi.

Auta yana ta cewa, "Dama. Dama." Jijiyar wuyansa duk ta fito. Umma ta ɗauka cewa yake da ma, irin na nadama, ta fara kuka tana shafa kansa. Ni na san hannu yake nufi.

Sauran turamen duka ya sha. Bai faɗi ba, wannan kaɗai. Alƙalai duka suka ba Dogon. Aka yi ta jifa da robobin ruwa. Wani a bayana ya ce, wallahi an saye shi. Na tattara kwanuka na tafi wankewa.

Lahadi, da la'asar

Ya dawo ta ƙofar baya. Idon hagu a rufe, leɓe a fashe. Yara suka tsaya daga nesa. Na sa ƙanƙara a tawul na danna masa, na danna fiye da yadda ya kamata. Na duba hannun daman. Ko ƙwarzane babu.

Abin da ya fara cewa shi ne, "Malama, akwai shayi?"

Akwai. Na ba shi.

Talata, lokacin tara

Ɗakin malamai ya zama majalisar dambe. Malamin lissafi ya ce sayar da wasan aka yi, ya zana yadda aka raba a bayan takardar jarrabawa. Malamin tarihi ya ce a'a, mata ne, ai an san abin da ake yi a irin waɗannan sansanoni. Sai ya tuna ina zaune ya ce ban da namu. Wata ta ce asiri aka yi masa aka ɗaure hannun. Wani ya ce tsufa ne. Wani ya ce dama can raguna ake kawo masa yana bugewa.

Na ci gaba da yin maki. Na ba wani yaro sifili a amsar da take daidai, sai da na koma na gyara.

Laraba, da yamma

An kira ni ofis saboda babbar 'yata. Wani yaro ya ce mata ubanta ya sayar da kansa, ta fasa masa hanci. Shugabar makaranta ta ce in yi mata faɗa. Na yi mata a gabanta. A hanya na tambaye ta da wane hannu ta buge shi, ta ce da dama. Na saya mata biskit.

Da na gaya wa ubanta bai yi dariya ba. Ya tashi ya koma ɗakin baya. Tun Lahadi can yake wuni. Ya kwance fankar da ta mutu tun bara, ya jera kusoshinta a kan jarida. Ya gyara dutsen guga. Ya gyara ƙafar kujera. Komai na gidan nan ya gyaru.

Juma'a, da safe

Ba ya magana. Ba ya magana. Ni kuma na gaji da zama mai fassara shirun mutane.

Asabar, da rana

Koci ya zo. Muryarsa har yau ba ta dawo ba, da raɗa yake magana. Baban yara ya ƙi fitowa, don haka ni ya samu a falo. Ya ce shi ya sani tun a sansani. Idan buhu ne, hannun yana fita har sarƙa ta yi ƙara. Idan mutum ne a gabansa, sai ya tsaya a hanya. Sun canza masa abokan atisaye, sun kawo wanda ba ya so don ya ji haushi, duk ɗaya. Ya ce ya gaya wa Mai Tabarau a ɗage, Mai Tabarau ya ce an riga an sayar da tikiti, kuma idan ya ji ihun jama'a hannun zai tuna aikinsa.

Na tambaye shi shi ma ya yarda da haka? Ya ce ya so ya yarda.

Ya tambayi jikin Auta. Na ce ga asibitin can, ba a kulle yake ba. Ya sunkuyar da kai. Tsoho ne, bai kamata in faɗa masa haka ba, amma ban janye ba.

Litinin, da yamma

Yau kam ya gama da mu.

Mai Tabarau ya zo da dabara: a naɗe hannun da bandeji, a ce ƙashi ya tsage tun turmin farko, ya daure ya ƙarasa saboda masoya. Daga nan a nemi a sake wasan. Suka zo da mota suka ɗauke shi. Ya yarda aka naɗe, ya yarda aka zaunar da shi gaban 'yan jarida. Ina kallo a wayar wata malama. Mai Tabarau ya yi bayaninsa tsaf. Aka miƙa wa Baban yara abin magana, ya daɗe yana kallonsa. Sai ya ce, "Hannuna lafiyarsa ƙalau." Ya warware bandejin a gabansu, ya naɗe shi da kyau, ya ajiye a kan tebur, ya fita.

Yanzu gari ya ce ya amsa da bakinsa cewa sayarwa ya yi. Da ƙaryar ya yi, da mun huta. Da gaskiyar ya faɗa duka, da mun huta ta wata hanyar. Shi sai ya tsaya a tsakiya, ya bar ni da bas da kasuwa da ɗakin malamai.

Na tambaye shi me ya sa. Ya ce bai iya ba. Na ce wanne ne bai iya ba, ƙaryar ko gaskiyar? Ya ce duka.

Laraba, da hantsi

Mai shagon kan kwana ya ba ni canji bai kalle ni ba. Da can har ɗora wa yara alawa yake yi.

Alhamis, da yamma

An sallami Auta. Sun ce sauran aikin na gashin ƙashi ne, a riƙa kawo shi da safe. Gidan Umma a hawa na uku yake, matattakalar kuma ƙunci gare ta, ga kwana. Maƙwabta biyu da direban tasi suka ɗauke shi a kan kujera. A kwana ta biyu kujerar ta karkace, kansa ya kusa bugun bango. Kansa. Umma ta zauna a kan matattakala ta kasa tashi.

Ko da ya rame, Auta ɗan ajin masu nauyi ne. Maƙwabtan sun yi kirki, amma na ga fuskarsu. Ba za su yi wannan kullum ba.

Da muka kwantar da shi ya riƙe mini mayafi ya ce, "Yaya." Na ce ga ni. Ya girgiza kai. Ba ni yake nufi ba, haka yake kiran mijina.

Asabar, da safe

An rasa zuwa gashi jiya, babu mai saukowa da shi.

Na shiga ɗakin baya na same shi yana goge fankar da ya riga ya gyara. Na kashe ta daga bango. Na faɗi abubuwa da yawa, wasu ba zan rubuta ba. Na ce ina da marasa lafiya biyu, ɗaya ba ya iya tashi, ɗaya ya ƙi tashi. Na ce ni ce nake cin zagin gari, ni ce nake cin shirun Umma, ni ce nake yi wa ƙanena ƙarya cewa yayansa yana gaishe shi.

Ya ce, "Da wane ido zan kalle shi?"

Na ce, "Ba kallonsa na ce ka je ka yi ba. Ba gafara na ce ka je nema ba, wannan tsakaninku ne. Ɗaukarsa za ka yi. A duk garin nan kai kaɗai ne za ka iya sauko da shi ba tare da an fasa masa kai ba."

Ya ce Umma ba za ta bari ba.

Na ce, "To ta kore ka. Ka je ta kore ka ɗin, ka ga ko za ka mutu."

Na fita na bar ƙofar a buɗe.

Lahadi

Shiru.

Litinin, da rana

Na fito zan tafi gidan Umma da sassafe, na same shi a ƙofar gida sanye da takalmi. A cikin tasi ya ja hula ya rufe fuska, duk da haka direba ya gane shi, ya yi ta kallonsa ta madubi.

Umma ce ta buɗe. Ya durƙusa ya gaishe ta, ba ta amsa ba. Ya sake gaisuwa, ba ta amsa ba. Na ɗauka za ta rufe ƙofar. Sai ta matsa gefe ta shige kicin, ta kunna famfo da ƙarfi.

Ya tsaya a bakin ɗakin Auta har sai da na tura shi. Suka kalli juna. Ya juya baya ya tsuguna a gaban gado, na taimaka na ɗora masa Auta, na sa hannun hagun ya zagaye wuyansa, na daman yana reto. Ya miƙe da shi kamar ba komai.

Ina bayansu a matattakala da jakar magunguna. A kwana ta farko na ji Auta yana haɗa kalmomi a kunnensa, a hankali, kamar mai ɗaga dutse.

"Turmi. Na bakwai."

Baban yara ya tsaya.

"Rago," in ji Auta.

Sai Baban yara ya ce, da muryar da ban sani ba, "Na ga ya buɗe. Na ɗauko hannun. Sai ƙafarsa ta yi yadda taka ta yi."

Auta ya ce, "A banza. Na kwanta."

Ban san ko tambaya ce ba. Baban yara ya gyara masa zama a bayansa, suka ci gaba da sauka. A ƙasa na ga gaban rigar Baban yara ya jiƙe, kuma ba zafi ake yi ba.

Alhamis, da yamma

Kullum yana zuwa. Ya sauko da shi, ya jira, ya mayar da shi. Umma har yanzu kicin take shiga, amma jiya ta bi mu asibiti, ta zauna a gaban mota ba ta waiwayo ba.

Mai Tabarau ya kira a gabana. Wai ɓangaren Dogon sun yarda a sake, saboda rigimar ma tana jawo 'yan kallo. Baban yara ya saurara har ƙarshe ya ce a ba wani. Mai Tabarau ya ɗaga murya har ina ji, ya ce shi ke nan zai mutu a matsayin wanda ya sayar da wasa. Ya ce to. Ya kashe wayar.

Ban ji daɗi ba, kuma ban san me na so ya ce ba. Da me za mu riƙe gida, bai faɗa ba. Abin da zan gaya wa yara, bai faɗa ba. Har yanzu ina jin haushinsa. Ina jin haushin Koci, da Mai Tabarau, da malamin lissafi. Wani lokaci har da Auta, Allah ya yafe mini, don shi ma da ƙafarsa ya shiga sana'ar nan Umma tana kuka.

Talata, da rana

Na makara, shugabar makaranta ta ce in same ta a ofis gobe. Sai in je.

A ɗakin gashi na tsaya. Likitar gashin tana son Auta ya riƙa ɗaga hannun daman ya taɓa wani abu. Ta ba shi ƙwallo ya ƙi, ta nuna masa alama a bango ya kau da kai. Sai ta kalli Baban yara da yake tsaye a bakin ƙofa ta ce, ko mai ɗaukarsa zai zo ya buɗe masa tafin hannu? Ba ta san ko su wane ne ba.

Ya zo ya durƙusa a gaban kujerar ya ɗaga tafinsa. Auta ya dunƙule yatsun iya yadda suka yarda. Hannun ya taso yana rawa, ya yi rabin hanya, ya faɗi a cinya. Ya sake. Gumi ya keto masa. A na uku ƙarshen yatsunsa ya goga tafin.

Baban yara ya ce, "Ban ji komai ba. Sake."

Auta ya zage shi. Zagi cikakke, daga farko har ƙarshe, babu tsayawa ko ɗaya. Tun da ya kwanta bai yi magana mai tsawon wannan ba. Likitar ta rufe baki da fayil.

Umma tana kan benci da jakarta a cinya. Ta ce wa Auta, kai, a gaban mutane? Sai ta juya, ta kalli mijina a fuska, karo na farko tun ranar da aka kawo ɗanta asibiti.

Ta ce, "Kai kuma sauke hannun kaɗan. Ba ka ga ya yi masa nisa ba?"

Ya sauke.